Ina Za a Ajiye Alloli? Tarihin Tatsuniyoyin Girkawa a Finafinai

 

Yawancinmu ba a littafi muka fara jin sunan Hakulis ko Akilis ba. A allon talabijin ne, ko a gidan kallo, ko a wayar wani aboki. Muka ga ƙato yana kokawa da dodanni, muka ga ana jan dokin katako cikin birni, muka ɗauka haka labarin yake tun asali. Alhali duk fim ɗin da muka kalla, wani marubuci ne ya zauna da tsohon labari a gabansa, ya yanke shawarar abin da zai ɗauka, da abin da zai zubar, da abin da zai ƙara. Irin wannan shawarar ce ke jiran mu duk ranar da muka ɗauko tatsuniya ko tarihin wani gari muka ce za mu mayar da shi littafi. 'Yan fim sun fi shekara ɗari suna wannan aiki da tatsuniyoyin Girkawa, kuma tambaya guda ce ta fi ba su wahala: ina za a ajiye alloli?

Asalin kayan

Manyan rumbunan waɗannan labarai su ne dogayen waƙoƙi biyu da ake danganta wa Homa, wato Iliyad da Odisi, waɗanda masana ke sanya su wajejen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. Iliyad tana da kashi 24 da layuka sama da 15,000. Kafin a rubuta su, da baka ake rera su. A shekarun 1930 wani masani Ba'amurke, Milman Parry, tare da ɗalibinsa Albert Lord, sun je ƙasar Yugoslabiya sun naɗi mawaƙan baka. Suka gano cewa mawaƙi ba ya haddace waƙa kalma da kalma. Yana da kirare-kirare da ginannun jimloli a ka, kuma duk rerawa yana sake gina waƙar ne. Duk wanda ya taɓa sauraron makaɗin fada yana rera waƙa ɗaya a wurare biyu ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Saboda haka babu wani "labari na asali" guda ɗaya da za a ce 'yan fim sun ɓata. Girkawan da kansu sun yi ta sauya shi. A wajen Homa, Helen ta je birnin Turoi, kuma a kanta aka yi yaƙi. Amma a shekara ta 412 kafin Miladiyya, Yurifidis ya shirya wasan kwaikwayo inda ya ce ba ta taɓa zuwa ba: tana Masar, surarta kawai aka kai Turoi, aka yi ta mutuwa a kan inuwa. A wasan Eskilus, sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa Ifijiniya don iska ta taso wa jiragen yaƙi. A wani wasan na Yurifidis kuwa, allahiya Atemis ta sauya ta da barewa ta tsirar da ita. Dokin katakon nan da kowa ya sani ma ba ya cikin Iliyad, haka nan mutuwar Akilis. Waƙar ta ɗauki 'yan makonni ne kawai daga shekara ta goma ta yaƙin, ta fara da fushin Akilis, ta ƙare da jana'izar Hekta. Aristotal ya yaba wa Homa a kan haka, cewa bai kinkimo yaƙin gaba ɗaya ba, ɓangare guda ya zaɓa.

Akwai kuma dalilin da ya sa waɗannan labarai ba su iso mu ta hanyar malamanmu ba. Masu fassara a Bagadaza sun juya falsafa da likitanci da lissafin Girkawa zuwa Larabci, amma ba su juya waƙoƙin Homa da wasannin kwaikwayo ba. Da Abu Bishr Matta ya fassara littafin Aristotal na nazarin waƙa a ƙarni na 10, sai ya kira wasan ban tausayi yabo, ya kira wasan ban dariya zambo, domin su ne abin da ya sani a waƙar Larabawa. Cikakkiyar Iliyad ba ta fito da Larabci ba sai 1904, a fassarar Sulaiman al-Bustani. A daidai lokacin nan kuwa sinima ta riga ta fara ɗaukar labaran.

Hanya ta farko: a nuna su ƙiri-ƙiri

A 1905, Bafaranshe Georges Méliès ya yi wani gajeren fim a kan Odisiyus da ƙaton nan mai ido ɗaya. A 1911 'yan Italiya suka fitar da fim a kan faɗuwar Turoi, da wani a kan Odisi. Abin da ya ja hankalin waɗannan mutane shi ne abin mamaki: kyamara tana iya nuna dodo, abin da dandamali ba ya iyawa da kyau. A 1954 Kirk Douglas ya fito a "Ulysses", a 1958 kuma Steve Reeves ya fito a matsayin Hakulis a wani fim na Italiya da ya yi kasuwa sosai, har aka yi ta kwaikwayonsa shekaru da dama.

Gwanin wannan hanya shi ne Ray Harryhausen. Yakan ƙera ƙananan 'yan tsana masu gaɓoɓi, ya motsa su kaɗan, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake motsawa, ya sake ɗauka, hoto 24 kafin a sami daƙiƙa ɗaya ta fim. A "Jason and the Argonauts" na 1963, faɗan da aka yi da ƙwarangwal bakwai bai wuce 'yan mintoci ba a allo, amma ya ci masa fiye da wata huɗu. A waƙar Afoloniyus ta ƙarni na 3 kafin Miladiyya, mayaƙa ne masu tsoka da jini suka tsiro daga haƙoran da aka shuka, kuma Jeson da dabara ya ci su: ya jefa dutse a tsakaninsu, suka far wa juna. Fim ya zubar da dabarar ya sa takobi, domin ido ya fi son faɗa.

Alloli a wannan fim suna zaune a sama suna buga wani wasa kamar dara, mutane su ne 'ya'yan darar. Ziyus ma ya ƙayyade wa matarsa Hera sau nawa za ta taimaki Jeson. Marubutan sun gane cewa idan allahiya za ta iya ceton jarumi kullum, ɗan kallo ba zai ji tsoron komai ba. Amma mu dubi inda fim ɗin ya tsaya: Jeson da Midiya suna cikin jirgi cikin soyayya. Abin da ya biyo baya a tatsuniyar, wato Jeson ya yi mata kishiya, ita kuma ta kashe 'ya'yan da ta haifa masa, an bar shi a waje. Bayan shekara shida, a 1969, Pier Paolo Pasolini ya ɗauki wannan ɓangaren da aka bari ya yi "Medea" da mawaƙiya Maria Callas. Labari ɗaya ne, amma inda kowa ya sa aya shi ya raba fim ɗin yara da fim ɗin da ke hana barci.

A "Clash of the Titans" na 1981, fim na ƙarshe da Harryhausen ya yi, an yi ta aron kaya daga ko'ina. Dodon teku da aka kira Kraken ba na Girkawa ba ne, daga almarar mutanen arewacin Turai aka ɗauko shi. Dokin nan mai fukafukai, Fegasus, Belerofon ne mahayinsa a tsofaffin labaran Girkawa, shi kuwa Fasiyus takalma masu fukafukai aka ba shi.

Kamfanin Disney ya fi kowa yin nisa a "Hercules" na 1997. A tatsuniyar, Ziyus ya haifi Hakulis da wata mace 'yar Adam, Alkimini, shi ya sa Hera ta tsane shi tun yana jariri, har ta haukata shi ya kashe 'ya'yansa da hannunsa. Ayyuka goma sha biyun da ya shahara da su kaffarar wannan ta'asa ce. Disney ta mayar da Hera uwarsa mai ƙaunarsa, ta share kisan, sannan ta nemo mugu, ta ɗora wa Hedis. Shi kuwa Hedis a wajen Girkawa ba shaiɗan ba ne. Ƙuri'a aka jefa tsakanin 'yan'uwa uku, Ziyus ya sami sama, Fosaidon ya sami teku, shi kuma ya sami duniyar matattu. Al'ummar da ta saba da cewa mai mulkin ƙarƙashin ƙasa Iblis ne ita ta sa masa wannan rigar, kuma sabon "Clash of the Titans" na 2010 ya sake sa masa ita. Da aka cire laifin Hakulis, sai wahalarsa ta rasa dalili, dole aka ƙirƙiro wani: neman suna don ya koma gidan iyayensa. Mutumin da ke ɗauke da jinin 'ya'yansa ya zama saurayi mai neman a san shi.

Hanya ta biyu: a kore su

A 2004 darakta Wolfgang Petersen da marubuci David Benioff suka fitar da "Troy", da Brad Pitt a matsayin Akilis da Eric Bana a matsayin Hekta. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 500 a duniya. Shawararsu ita ce mutane su riƙa ambaton alloli, amma kada a ga hannunsu a komai. Wannan fim makaranta ce ga marubuci, domin yana nuna yadda zare ɗaya idan an zare shi yake jan sauran.

A kashi na uku na Iliyad, Faris da Menelawus, mijin Helen, sun yi fito-na-fito. Menelawus ya kama hular kwanon Faris yana jan sa a ƙasa, sai allahiya Afrodita ta tsinke igiyar hular, ta lulluɓe Faris da hazo ta kai shi ɗakinsa. To, an kori Afrodita daga fim. Wa zai ceci Faris? Sai marubucin ya sa shi ya rarrafa ya rungume ƙafar yayansa Hekta, Hekta kuma ya soke Menelawus. Nan take labari ya sauya hanya. A wajen Homa, Menelawus ya tsira, ya koma Sifata da matarsa, har ma muna ganin su a gida a cikin Odisi. A fim ya mutu tun da wuri, saboda haka Helen ba ta da wanda za ta koma wa, sai aka bar ta ta tsere daga birnin. Agamemnon ma, wanda a tatsuniya matarsa ce ta kashe shi bayan ya koma gida don fansar 'yarta, a fim Birisiyis ce ta kashe shi a Turoi. Yaƙin shekara goma kuma ya dawo na 'yan makonni.

Haka nan mutuwar Hekta. A Iliyad ya ji tsoro, ya gudu, Akilis ya bi shi sau uku suna kewaya ganuwa, sai allahiya Atina ta rikiɗe ta zama ƙanensa ta yaudare shi ya tsaya. A fim babu gudu, babu yaudara, jarumai biyu ne suka gwada ƙarfi. An sami faɗa mai kyau, amma an rasa abin da ya sa mutuwar Hekta ke da ciwo a waƙar, wato lokacin da ya waiwaya neman ɗan'uwansa ya ga babu kowa.

Akwai fitowa guda da korar alloli ba ta rage mata komai ba. Tsohon sarki Firiyam ya shiga tantin Akilis da dare, ya sumbaci hannuwan da suka kashe ɗansa, ya roƙi gawar. A Iliyad, Hamis ne ya yi masa jagora cikin sansanin abokan gaba. A fim shi kaɗai ya zo, kuma Peter O'Toole ya riƙe wurin ba tare da an ji an rasa komai ba. Dalili kuwa shi ne aikin Hamis a nan rakiya ce kawai, nauyin fitowar yana kan uba da makashin ɗansa. A wajen Afrodita da Atina kuwa, allahiyar ce ke juya akalar labarin. Wanda zai cire wani abu daga tsohon labari, sai ya fara bambanta ginshiƙi da ado.

Kafin "Troy", Michael Cacoyannis, ɗan tsibirin Saifurus, ya bi wannan hanya da wata manufa dabam. A "The Trojan Women" na 1971 ya cire hirar alloli biyu da Yurifidis ya buɗe wasan da ita, ya bar mu da matan da aka kashe wa maza da 'ya'ya suna jiran a raba su ganima. Yurifidis ya shirya wasan a 415 kafin Miladiyya, watanni kaɗan bayan mutanen Atina sun karkashe mazajen tsibirin Melos sun bautar da mata da yara. Shi kuma Cacoyannis ya yi fim ɗin a Sifen, lokacin da sojoji ke mulkin Girka, daga 1967 zuwa 1974. A "Iphigenia" na 1977 ya ƙara wani abu nasa: iska ta fara kaɗawa tun kafin a yanka yarinyar, kuma babu barewar da ta fanshe ta. Da babu alloli a fage, laifin ya koma wuyan masu mulki da rundunar da ke ƙishirwar yaƙi. "The Return" na 2024, da Ralph Fiennes da Juliette Binoche, ya yi haka da ƙarshen Odisi: babu dodo, babu allahiya, sai tsohon soja da ya dawo gida bayan shekara 20 ba tare da ko ɗaya daga cikin mutanen da ya tafi da su ba.

Hanya ta uku: a yi wa labarin ƙaura

A 1959 Marcel Camus ya fitar da "Orfeu Negro", wanda ya samo daga wasan kwaikwayon marubucin Burazil Vinicius de Moraes. A tatsuniya, Orfiyus makaɗi ne da maciji ya sari matarsa Yuridis ta mutu. Ya bi ta duniyar matattu, aka ba shi ita da sharaɗin kada ya waiwaya, ya waiwaya. Fim ya kai labarin birnin Rio lokacin bikin kanibal. Orfeu ma'aikacin taragon cikin gari ne mai kiɗan jita, wayar lantarki ta maye gurbin maciji, ofishin cigiyar ɓatattu ya zama ƙofar lahira, karen da ke gadin wani gidan tsafi yana ɗauke da sunan karen Hedis. A can ya ji muryarta ta bakin wata tsohuwa, aka ce kada ya juya, ya juya. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Cannes da kuma Oscar, duk da cewa a Burazil an soke shi da ƙawata talaucin unguwannin marasa galihu don daɗin idon baƙi.

A 2000, Joel da Ethan Coen suka kai Odisi jihar Misisifi ta 1937 a "O Brother, Where Art Thou?". George Clooney fursuna ne da ya tsere yana sauri ya isa gida kafin matarsa ta auri wani. Ƙato mai ido ɗaya ya zama ɗan damfara mai tallar Baibul, matan teku masu jan matafiya da waƙa suka zama mata uku masu wanki a bakin rafi, makahon mai duba kuma yana tura ƙaramin keke a kan layin dogo. Ba su ɗauki ko riga ɗaya daga Girka ba. Ga kowane mutum da kowane haɗari na tsohon labarin sun tambayi aikin da yake yi, sannan suka nemo mai yin wannan aikin a sabon wurin.

Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1968 Ola Rotimi ya kai labarin Odifus ƙasar Yarabawa a wasansa "The Gods Are Not to Blame", ya mayar da shi sarki Odewale. Tun kafin nan, a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus ya gina "Magana Jari Ce", kuma har yau yaro yana karantawa bai ji ƙamshin wata ƙasa ba. Bambancinsa da mai wankiya, wanda ke sauya sunaye kawai ya bar komai yadda ya same shi, shi ne Imam ya sake gina dalilan mutanensa daga fada da kasuwa da kotun alƙali irin namu.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da kayan da ke ɗauke da irin wannan tambaya. Wanda zai rubuta labarin Bayajidda dole ya yanke shawara a kan macijin rijiyar Kusugu. Wanda zai taɓa Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala dole ya san yadda zai yi da abin da mutanen wancan zamani suka gaskata, alhali shi da masu karatunsa ba su gaskata shi ba. 'Yan fim ɗin nan ma ba su bauta wa Ziyus, kuma hanyoyinsu uku suna gabanmu, kowace da farashinta.

Idan za mu nuna abin mamaki, mu sa masa iyaka kamar yadda aka sa wa Hera, kuma kada mu wanke jarumi daga laifinsa har wahalarsa ta rasa tushe. Idan za mu cire shi, mu bi labarin fitowa bayan fitowa mu ga inda yake riƙe da gini. A labarin Daura, macijin ne ya sa mutane ba sa ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako, kashe shi ne ya sa baƙo ya cancanci auren sarauniya. Wanda ya cire shi sai ya kawo wani dalilin ƙishirwar garin, da wani dalilin da zai sa Daurama ta amince da mutumin da ba a san asalinsa ba, in ba haka ba labarin zai rufta. Idan kuma ƙaura za mu yi masa zuwa Kano ko Maraɗi ta yau, mu tambayi wane ne ke zaune a bakin rijiyar jama'a a zamaninmu yana hana su ruwa.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki tatsuniya ɗaya da ya sani tun yana yaro, ya rubuta fitowa guda daga cikinta sau uku, sau ɗaya da dodon a fili, sau ɗaya babu shi, sau ɗaya kuma a unguwarsu ta yau. A ƙarƙashin kowace, ya rubuta abin da ya tilasta masa sauyawa.